Tafiya Ƙasashen Maƙwabta ta Mota: Arahar Tana Cikin Takarda

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana a kan tafiya ƙasashen maƙwabta ta hanyar mota, lamarin da ya shafi ɗan kasuwa da ɗalibi da mai zuwa biki ko ta'aziyya da mai neman magani, amma ba kasafai ake tattauna shi a rubuce ba sai ranar da aka rufe iyaka ko aka kama motar shinkafa. Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a wurare da yawa, sai kuɗin mota ya bi sahunta, kuɗin jirgin sama kuwa ya fi ƙarfin mai matsakaicin hali gaba ɗaya. Duk da haka zumunci bai tsaya ba, kasuwa ma ba ta tsaya ba, shi ya sa tambayar da ake yi a tashoshi da majalisu ita ce ta ina mutum zai bi ya isa Maraɗi ko Yamai ko Kwatano ko Garwa ba tare da ya ƙarar da jarinsa a hanya ba. Abin da na gamsu da shi, a matsayina na wanda ya daɗe yana bin waɗannan hanyoyi a harkar fatauci, shi ne rashin takarda da rashin sanin hanya sun fi kuɗin mota cinye guzurin matafiyi, kuma ɓarauniyar hanyar da mutane suke ɗauka ita ce mafi sauƙi, ita ce mafi tsada idan aka zauna aka yi lissafi na gaskiya.

Ya kamata mu fara tuna irin kusancin da muke da shi da waɗannan garuruwa. Daga Katsina zuwa Maraɗi kimanin kilomita 90 ne, daga Sakkwato zuwa Birnin Ƙonni ma kusan haka. Bakano ya fi kusa da Maraɗi a kan Abuja, tafiyarsa zuwa Damagaram kuma, wadda take kimanin kilomita 240, kusan ɗaya take da tafiyarsa zuwa Kaduna. Basakkwace ya fi kusa da Yamai a kan babban birnin ƙasarsa, haka mutumin Maiduguri yake da Injamena, haka mutumin Yola yake da Garwa. Wanda zai bi jirgi daga Kano zuwa Yamai sau da yawa sai ya gangara Abuja ko Legas, wani lokaci har Lome, kafin a juyo da shi arewa, ya biya ninkin ba ninkin abin da zai biya a mota, alhali ta ƙasa tafiyar yini biyu ce cikin natsuwa. Hanyoyin kuma ba baƙi ba ne a wurinmu, domin kakanninmu fatake sun bi wasunsu da jakai a cikin ayari daga Kano har Salaga ta ƙasar Gwanja neman goro, kuma zangon da suka riƙa yadawa shi ne asalin unguwannin Zango da ake samu a garuruwan Benin da Togo da Gana har yau. Iyakar da Turawan Ingila da na Faransa suka shata daga baya ta zo, ta raba Katsina da Maraɗi, ta bar gida ɗaya a ƙasa biyu.

Maganar takarda ita ce gaba da komai. Ƙungiyar ECOWAS, wadda aka kafa a Legas a 1975, ta amince a Dakar a 1979 da yarjejeniyar 'yancin zirga-zirga, wadda ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ƙasar ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90, bisa sharaɗi biyu: ingantacciyar takardar tafiya da katin shaidar rigakafi. Mutanenmu da yawa sun riƙe rabin maganar, cewa babu biza, sun bar sharaɗin, shi ya sa za ka ji mutum yana cewa ai Nijar gida ce, me zai kai shi neman fasfo. Gida ce a wajen zumunci, babu ja a kan wannan, amma jandarman da yake kan shinge aikinsa ne ya tambayi takarda, kuma duk wanda ya zo ba shi da ita ya ba shi hujjar tsayar da shi da hannunsa. Gaskiya ne fasfo ya yi tsada, domin tun ranar 1 ga Satumban 2025 mai shafi 32 na shekara biyar naira 100,000 ne, mai shafi 64 na shekara goma kuma naira 200,000. Sai dai akwai takardar tafiye-tafiye ta ECOWAS da Hukumar Shige da Fice take bayarwa a kan kuɗin da bai kama ƙafar na fasfo ba, kuma ta isa ga mai zuwa Benin da Togo da Gana. Katin rigakafin cutar shawara, wanda a tasha ake ce wa yalo kat, ana samunsa a ofisoshin kiwon lafiya na mashigan ƙasa, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da cewa allura ɗaya ta ishi mutum iya rayuwarsa, ba sai an sabunta ta bayan shekara goma kamar da ba. Ina jan kunnen 'yan'uwa da kada su sayi wannan kati a hannun masu talla a bakin iyaka ba tare da an yi musu allurar ba, saboda tun 2019 katin Najeriya yana ɗauke da lambar da ake iya dubawa a kwamfuta, sannan cutar ita kanta tana kisa, kati na jabu kuwa ba ya kare jikin kowa.

Mallakar takardar bai wadatar ba sai an buga mata hatimi, na fita a ɓangarenmu da na shiga a ɗaya ɓangaren. Wasu direbobi sukan tattara fasfunan fasinjoji su ce za su je su buga, don a yi sauri. Idan an yi haka, mutum ya buɗe nasa ya ga hatimin da kwanan watan da idonsa kafin mota ta tashi, domin wanda aka samu a tsakiyar ƙasa babu hatimin shiga, hukuncinsa ɗaya da wanda ya biyo ta daji, ko da fasfonsa sabo ne fil.

Al'amura sun ɗan sauya a 'yan shekarun nan, kuma wajibi ne matafiyi ya sani. Nijar da Mali da Burkina Faso sun sanar da ficewa daga ECOWAS a Janairun 2024, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. Ɓangarorin biyu duk sun bayyana cewa za a ci gaba da shige da fice ba tare da biza ba, amma a Fabrairun 2025 an ba da rahotannin mayar da wasu 'yan Najeriya masu takardar ECOWAS daga iyakar Illela da Ƙonni, ana neman fasfo. Shawarata ga duk wanda tafiyarsa za ta wuce garuruwan bakin iyaka ta nutsa cikin Nijar, musamman mai zuwa Yamai ko Tawa ko Agadas, ya daure ya yi fasfo. Kamaru da Cadi kuwa tun asali ba sa cikin ECOWAS. Ɗan Najeriya yana shiga ba tare da biza ba na tsawon wata uku bisa yarjejeniyar da take tsakanin ƙasashen, amma da fasfo ake shiga, takardar ECOWAS ba ta da hurumi a can.

Na taɓa shiga mota ɗaya da wata dattijuwa da za ta je sunan jikanta a wani gari cikin Nijar, ba ta da komai sai katin zaɓe da ta ƙulle a bakin zane tare da kuɗinta. A shinge na farko bayan iyaka aka karɓi takardun fasinjoji ta taga, aka dawo wa masu fasfo da nasu nan take, ita da wasu samari aka ce su sauko. Direba ya kashe mota, muka zauna cikin rana muna hango ta tsugune a gaban rumfar kara tana kwance bakin zanen nan da haƙori. Haka aka yi ta yi a shingayen da suka biyo baya, kafin mu isa kuwa kuɗin da ta tanada don sayen turmin atamfa ga mai jego ya tafi, babu rasit ko ɗaya, ga dawowa tana jiranta da irin wannan biyan. Ta gaya mini a can aka haife ta, aure ne ya kawo ta Najeriya, kuma duk shekara sai ta je. Idan aka tara abin da take bari a shingaye cikin 'yan shekaru, ya isa ya yi mata takardar da za ta wuce da ita da mutuncinta. Ba ina wanke masu karɓar na goro ba ne, domin mai cikakkiyar takarda ma akan nemi ya ba da wani abu, sai dai shi yana da bakin magana, yana iya tambayar dalili ya nemi rasit cikin ladabi, sau da yawa kuma a sallame shi don kada ya ɓata musu lokaci.

Ɓarauniyar hanya ta samu gindin zama ne a lokutan da aka rufe iyakoki. Gwamnatin Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a Agustan 2019, ba ta buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum ba sai Disamban 2020, Jibiya da Kamba kuma sai Afrilun 2022. Ba a daɗe ba aka yi juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, aka sake rufewa har Maris ɗin 2024. A tsawon wannan lokaci 'yan acaba suka fasa hanyoyi cikin gonaki, jama'a suka saba da su, har aka buɗe iyaka wasu ba su dawo kan titi ba. Mai bin irin wannan hanya yana biyan ɗan acaba kuɗin kasada, yana biyan masu ɗaura igiya a ƙauyuka, idan ya haɗu da 'yan sintiri ya biya ko a ƙwace kayansa, sannan ya shiga ƙasar mutane babu hatimi ya ci gaba da biya a kowane shinge. Abin da ya fi wannan muni shi ne dazuzzukan da suke tsakanin Jibiya da Madarumfa, da na gabashin Sakkwato wajen Isa da Sabon Birni, su ne 'yan bindiga suke kai da komo a cikinsu. Raina yana ɓaci duk lokacin da na ga an ɗora mace da goyo da ƙullin kaya a bayan babur an nufi daji da ita da magariba, don kawai a guje wa ofishin da ba zai riƙe ta fiye da rabin sa'a ba da tana da takarda.

Ga mai takarda, dabarar rage kuɗi ita ce tafiya gaɓa-gaɓa: ya hau motar haya zuwa bakin iyaka, ya tsallaka da ƙafa ko a babur ta ƙofar hukuma, ya hau motar ƙasar da ya shiga. Dalilin da ya sa wannan ya fi sauƙi shi ne motar da take tsallakawa kai tsaye tana da nata takardun da za a biya, da izinin shigar mota da inshorar ƙetare da abin da direba yake ajiyewa a shingaye, kuma duk a kan fasinja yake fanshewa. Amma wannan dabara ta mai ƙaramar jaka ce. Mai kaya da yawa, ko mai tafiya da tsoho ko marar lafiya, motar kai tsaye ta fi masa, saboda kuɗin sauke lodi da sake lodi da 'yan dako da 'yan kamasho zai cinye ɗan abin da ya rage. A kuma daidaita maganar kuɗin kaya tun kafin a ɗaura su a mota, domin da zarar an ɗaure igiya ciniki ya koma hannun yaron mota.

Daga Kano akwai manyan mashigai uku zuwa Nijar. Akwai ta Katsina da Jibiya da Magama zuwa Ɗan Isa da Maraɗi. Akwai ta Kazaure da Daura da Kwangwalam zuwa Ɗan Barto da Matamaye, daga nan mutum ya wuce Damagaram, ko ya fita Takeita ya juya yamma zuwa Tasawa da Maraɗi, wadda ita ce nake zaɓa duk lokacin da labarin hanyar Jibiya bai yi daɗi ba, ko da ta fi tsawo. Sai kuma ta Gumel da Maigatari, inda ranar Alhamis, ranar kasuwar dabbobi, mota take cika da wuri ba a daɗe ana jiran fasinja ba. Mutanen Sakkwato suna da Illela da Ƙonni, na Kebbi suna da Kamba da Gaya. Da mutum ya taka babbar hanyar Nijar mai lamba ɗaya, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni da Maraɗi da Damagaram har Diffa, sai ya koma manyan motocin kamfanoni irin su Rimbo da STM da Al Izza da SONEF. Kuɗinsu a rubuce yake, babu ciniki babu ɗan kamasho, ana yankar tikiti tun jajibiri, mota tana tashi da asuba, kuma an saba barin fasinja ya kwana a harabar tasha a kan tabarma, abin da yake rage masa kuɗin masauki na dare guda. Daga Ƙonni zuwa Yamai kimanin kilomita 420 ne, daga Maraɗi kimanin 660, daga Damagaram kuma kusan 900. Bakanon da zai je Yamai yakan yi tunanin ya bi ta Sakkwato don ya rage tafiyar da zai biya da saifa, amma hakan na nufin ratsa Funtuwa da Gusau, kuma a ganina ɗan bambancin kuɗin bai kai a sayi wannan fargaba ba.

Canjin kuɗi wani wuri ne da guzuri yake zubewa ba a ankara ba. Saifa a ɗaure take da kuɗin Turai, yuro ɗaya saifa 655.957, naira kuwa da aka sake ta a Yunin 2023 sai ta yi ta faɗuwa, har jika ɗaya, wato saifa 1,000, da ake saya ƙasa da naira 400 a 2014 ta haura naira 2,000 a 2024. Mutum ya tambayi farashi a Wapa ko wajen 'yan canjin garinsu kafin ya tashi, ya canza abin da zai ishe shi kwana ɗaya ko biyu, ya nemi ƙananan kuɗi a ciki, don kada ya isa bakin iyaka a matse ya karɓi duk abin da aka yanka masa. Sannan ya san cewa a kasuwannin Nijar da dala ake lissafi, dala ɗaya saifa biyar ce, don haka idan mai kabu-kabu ya ce dala ɗari yana nufin saifa 500, dala ashirin kuma saifa 100. Baƙo da yawa sun yi rigima a kan wannan, suna ganin an cuce su alhali lissafin ne ba su gane ba, kuma maganinsa shi ne a nemi mai kaya ya rubuta lambar a waya. Saifar Nijar da Benin da Togo ɗaya ce, amma ta Kamaru da Cadi daban take, ko da yake darajarsu ɗaya, mai shago a Garwa ba zai karɓi ta Maraɗi ba. Mai ɗauke da jari mai yawa a Nijar gara ya zuba shi a kamfanonin aika kuɗi irin su NITA ko Amana a garin farko, ya karɓa a inda za shi, ɗan ladan da zai biya ya fi kwana da kuɗi a ƙugu a tasha.

Mai zuwa Gana yana da zaɓi biyu. Sananniyar hanya ita ce ta gaɓar teku: daga Legas a hau mota a Mile 2 zuwa Badagiri da Seme, inda aka buɗe ofishin iyaka na haɗin gwiwa tsakanin Najeriya da Benin a Oktoban 2018, a shiga Kwatano, a hau wata motar zuwa iyakar Hilakonji, a wuce Lome, wadda gidajenta suka ƙare a jikin shingen Aflawo har mutum yana tsallakawa Gana da ƙafa, daga nan a hau motar STC ko ƙananan motocin haya zuwa Akra. Duka tafiyar daga Legas ba ta kai kilomita 500 ba, amma iyaka uku ce da hatimi shida, ga yawan shingayen da aka daɗe ana kuka da su tsakanin Legas da Seme, saboda haka sai an yi sammako. Agogon Togo da Gana yana bayan namu da sa'a ɗaya, na Nijar da Benin da Kamaru da Cadi kuwa ɗaya yake da namu. Manyan motocin kai tsaye irin na ABC sun fi tsada sosai, amma suna kula da takardun fasinja a kowace iyaka, kuma ga wanda bai taɓa zuwa ba ko mace mai tafiya ita kaɗai ina ganin kuɗin ya cancanta a karon farko. Ɗaya zaɓin shi ne ta arewa, ba tare da an ga Legas ba: daga Birnin Kebbi a bi ta Bagudo da Tsamiya zuwa Segbana da Kandi da Paraku, ko daga jihar Kwara a bi ta Cikanda da Nikki zuwa Paraku, daga can a gangara Kwatano, ko a yanka yamma ta Jugu a Benin da Kara a Togo a fita Yendi da Tamale, kusan sawun ayarin goro na da. Wannan ta fi gajarta ga mai zuwa arewacin Gana ko Kumasi, kuma Hausa tana fitar da mutum a tashoshinta, sai dai arewacin Benin ya fuskanci hare-hare a 'yan shekarun nan a yankin Alibori, don haka ba a bin ta sai an tambayi direbobin da suka dawo a makon. Gadar Gaya da Malanbil ta kasance a rufe daga ɓangaren Nijar tun 2023, har bayan da ECOWAS ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, jama'a suka koma tsallaka kogin Kwara a kwale-kwale da ake cika wa lodi fiye da ƙima. Tsohuwar hanyar Yamai zuwa Wagadugu ta Torodi da Fada Ngurma, wadda a da ita ce hanyar Kumasi, yanzu ba ta biyuwa ga mai son ransa.

Ta gabas, mai zuwa Kamaru yana iya bi ta Yola zuwa Garwa, ko ta Mubi da Sahuda zuwa Gidar, kuma damina tana ɓata waɗannan hanyoyi ƙwarai, kuɗin mota ya tashi tare da ruwa. Daga Garwa motocin kamfanoni suna kai mutum Gaundare, inda jirgin ƙasa na Camrail yake tashi da yamma ya kwana yana tafiya kimanin kilomita 620 ya wayi gari a Yawunde. Kujerar aji na biyu ita ce mafi sauƙi, kuma wanda ya sauka ya nufi unguwar Birkitiri zai ji Hausa ta ko'ina. Mai zuwa Injamena daga Maiduguri yana bi ta Dikwa da Gamborun Ngala, ya tsallaka Fotokol, ya ratsa Kamaru zuwa Kusiri, ya haye gadar Ngeli, wato iyaka biyu a tafiyar da ba ta wuce kilomita 250 da 'yan kai ba. Hanya ce da ta sha fama da nakiyoyi da kwanton ɓauna, ba a bin ta sai da rana kuma bisa tsarin jami'an tsaro.

Masauki shi ne inda Bahaushe ya fi kowa sa'a, domin da wuya ya sauka babban gari daga Akra har Yawunde bai samu unguwar Zango da sarkinta da masallacinta ba, kuma al'adar mai masauki tana nan ga 'yan kasuwa, ya sauke ka, ya adana kayanka, ya haɗa ka da masu saye, ya ɗauki ladansa. Amma a je da sanin wani ko da saƙon wani, a riƙe 'yar tsaraba, kada a mayar da karamcin mutane abin dogaro har a zame musu nauyi, su ma rayuwa ta yi musu tsada. Guzurin ƙuli-ƙuli da dabino da garin kwaki da ruwa yana rage kashe saifa a hanya. Kada kuma mutum ya karɓi saƙon da bai buɗe ya gani ba, ko daga wa ya fito, domin ƙwayoyi irin su taramol sun kai bayin Allah da yawa kurkuku a ƙasar da ba su da kowa.

Duk abin da na faɗa bai shafi hanyar Agadas zuwa Aljeriya ko Libiya ba, wadda dillalai suke tallata wa matasa da mata da sunan araha. A Oktoban 2013 an tsinci gawarwaki 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Haka ita ma tsohuwar hanyar alhazai ta Cadi da Darfur, wadda ta bar zuriyarmu a garuruwa irin su Mai Wurno, yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023 ya toshe ta, duk wanda ya ce zai kai mutum Makka ta nan a kan kuɗi kaɗan to ya yaudare shi.

Kirana ga Hukumar Shige da Fice shi ne ta kusanto da yin takardu ga mutanen kan iyaka, ta riƙa kai ma'aikatanta Jibiya da Illela da Maigatari da Kamba da Mubi a ranakun kasuwa, ta kuma liƙa farashin kowace takarda da Hausa, da boko da ajami, a jikin bango inda kowa zai gani, domin tsoron 'yan tsakiya da suke ninka kuɗi shi ne yake hana talaka kusantar ofis. Gwamnonin jihohin kan iyaka da suke da kamfanonin sufuri su nemi fahimtar juna da hukumomin Maraɗi da Damagaram da Tawa a samu motocin gwamnati masu tsayayyen farashi da lokacin tashi. A kuma ƙarasa layin dogo na Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284 da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, domin jirgin ƙasa ba ya tsayawa a shingen kowa, binciken takarda sau ɗaya za a yi shi.

Kai kuma, Malam Edita, ina roƙon jaridarka ta ware ɗan gurbi kowane mako, wakilanka na Katsina da Sakkwato da Birnin Kebbi da Dutse da Maiduguri da Yola su leƙa tasha su tambayi shugabannin direbobi, a buga mana wace iyaka ce a buɗe, wace takarda ake nema a ranar, nawa ne kuɗin mota zuwa bakin iyaka da kuma daga can zuwa babban gari, nawa ake canza jika, wace hanya ce direbobi suka ƙaurace wa. Waɗannan abubuwa suna sauyawa daga mako zuwa mako, kuma a yanzu matafiyi ba ya jin su sai daga bakin ɗan kamashon da yake son ya cika motarsa.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka, ya kai matafiyanmu lafiya ya dawo da su lafiya.

Naka,
Wani mai karatu kuma ɗan kasuwa,
daga Katsina.